Ruwa Ya Janye, Fargaba Ba Ta Janye Ba

Duk wanda ya tashi a bakin Kogin Kwara, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara, ya san ruwa sau biyu yake cika a shekara: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa mai isowa da hunturu daga can Gini da Mali. Da shi muke noma da su, ta kansa muke zuwa cin kasuwa. Amma tun ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi, da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ɗauke da mutane fiye da 150, wani ciwo ya zauna a gidajenmu wanda babu mai lissafa shi cikin asara.

Gwaggona tana wani ƙauye a ƙasar Ngaski. Ruwa ya ci mata ɗaki da rumbu, ya kuma tafi da jikanta. An sake gini, an sake shuka. Amma har yau, da hadari ya haɗo, sai ta ƙulle tufafinta a ɗankwali ta ajiye bakin ƙofa, ta kwana zaune da tocila a hannu, gabanta na dukan uku-uku. Ranar da rediyo ya ba da labarin ambaliyar Mokwa a Mayun 2025, ture kwanon tuwo ta yi, ta yi kuka kamar a ranar aka kawo mata gawar yaron. Abin da masu zuwa ba ta baki suka iya faɗa shi ne: "Haba Gwaggo, ina tawakkalinki?"

Wannan tambaya ce nake roƙon mu daina. Razana bayan masifa ba raunin imani ba ce. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, Manzon Allah (SAW) kuma ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wanda ya ga mutuwa da idonsa, jikinsa ba ya mantawa da wuri. Rugugin aradu ko ƙarar injin jirgi sun isa su tayar masa da komai. In muka kunyata shi, shiru zai yi, ciwon ya ci shi ta ciki.

Mun iya zaman makoki, mun iya sadakar uku da bakwai da arba'in. Bayan nan kowa ya watse, alhali a lokacin ne kaɗaici ke farawa. A koma gaisuwa idan damina ta kama. A bar mai ciwo ya ambaci mamacinsa, kada a katse shi da "a yi haƙuri" tun bai kai aya ba. Idan fargaba ta taso masa, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, ya riƙa jan numfashi a hankali yana ambaton Allah har ƙirjinsa ya lafa. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko ya ƙi shiga kwalekwale, rarrashi yake bukata, ba bulala ba. Wanda kuwa ya wuce wata guda ba barcin kirki, ko ya daina cin abinci, a kai shi asibiti. Addu'a da magani ba sa faɗa.

Ga hukuma kuma: buhun shinkafa da tabarma da hukumomin agajin gaggawa na NEMA da SEMA ke rabawa sun taimaka, haka rigunan kariya na hukumar HYPPADEC. Amma asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke Sakkwato ya yi wa masuncin Yawuri nisa. A horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu da limamai da ungozomomi su gane wannan ciwo, kuma a riƙa sanar da mutane da wuri in ruwa zai ƙaru, domin gargaɗi kan lokaci yana rage rabin tsoro.

Mai karatu, a unguwarku akwai wanda ba ya runtsawa in an yi hadari. Ka je ka gaishe shi, ka zauna, ka saurara.