Dandalin Kwamfuta: Makullin Maigida Ba Na Yawo Ba Ne

Duk wanda ya bi ta Kongo, kusa da harabar Jami'ar Ahmadu Bello inda ake karatun shari'a da harkokin mulki, ya san shagunan kwamfuta ba sa rabo da ɗalibai. Kwamfuta ɗaya, hannu goma. Idan mai shago ya san aikinsa, ba zai bar wa kowa makullin maigida ba, don kada wani ya goge aikin wani.

A manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, sunan maigidan root, lambarsa kuma 0. Ba a tambayarsa dalili. In ya ce a goge, an goge ke nan, ko da fayilolin da kwamfutar ke tashi da su ne. Umarni kuwa ta bakin tafinta muke ba da shi, wato shel, wanda ke jiranmu a baƙin allon nan na rubutu. Mu riƙa duba alamar da ke gaban inda za mu rubuta: $ na nufin muna matsayinmu na kullum, # kuma makulli na hannunmu.

Hanya biyu ake karɓar makullin. Umarnin su yana neman kalmar sirrin root, wadda da zarar mutum biyar sun san ta, ta tashi daga sirri. Umarnin sudo kuwa tamu kalmar yake nema, ya yi aiki ɗaya, ya rubuta wanda ya sa shi, sannan ya mayar da makulli. Shi ya sa Ubuntu ke zuwa da ƙofar root a kulle. In aikin na da yawa, sai mu buɗe da sudo -i, muna gamawa mu rubuta exit mu fita.

To, wane tafinta ya dace da root? Wanda ya zo da shi, galibi bash. Mai sha'awar zsh ya sa wa nasa asusun. Idan muka sauya wa root tafinta, daga baya aka cire wannan tafintan, ranar da kwamfuta ta lalace muka zo shiga don gyara, sai mu tarar ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Ko ƙwararru ba su tsira ba. A 1998, a kamfanin Pixar na Amurka, an ba da umarnin gogewa na rm a inda bai dace ba, mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 ya salwanta. Kwafin da wata ma'aikaciya ke da shi a gida ne ya cece su. Don haka mu ajiye kwafi kafin kowane gyara, kuma kada mu liƙa umarnin da muka kwaso daga intanet alhali ba mu san aikinsa ba.

Wayoyinmu na Android ma a kan Linux aka gina su. Idan wani ya ce zai fasa mana waya mu zama root, mu sani wannan ƙofar muguwar manhaja ma za ta iya bi ta cikinta, kuma wasu manhajojin banki kan daina aiki a irin wannan waya. Kwamfutar makaranta kuwa, sai da izinin malami. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse cikin na'urar wani. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Aikin wannan mako: a gaban malamin kwamfuta, ku rubuta whoami, sannan sudo whoami. Ku aiko mana da bambancin da kuka gani. Sai mako mai zuwa.