Izinin da ake nema bayan an gama bincike

A duk ƙarshen zangon karatu, ɗaliban jami'o'i da na kwalejojin lafiya kan shigo unguwanninmu ɗauke da takardun tambayoyi. Wani ya tsaya a ƙofar masallaci bayan La'asar, wata ta kutsa cikin gidaje tana tambayar matan aure game da haihuwa, da ɓari, da kuɗin cefane. Mu kuwa mukan amsa, saboda kunya da son taimaka wa ɗan makaranta. Da wuya wani ya tambaya wa ya ba su izini, ko ina maganarmu za ta je.

Alhali akwai masu ba da izinin. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa kwamitin ƙasa mai sa ido a kansa. Kwamitocin jami'o'i da na asibitoci su ne ke karanta tsarin bincike tun kafin a fara. Sukan duba cutarwar da ka iya samun mutane, da yadda za a nemi yardarsu, da yadda za a rufa musu asiri, da 'yancinsu na janyewa duk sanda suka so.

Abin da ya dame mu shi ne yadda ɗalibai da dama suka mayar da wannan izini hatimi kawai. Wani matashi ya taɓa tare mu bayan sallah, ya ce ya riga ya kammala tattara bayanansa, saura a ba shi takarda da kwanan watan baya, yana tambaya ko akwai laifi. Muka tambaye shi ko ya san labarin Trovan. Bai sani ba, domin ba a haife shi ba a lokacin.

A 1996 annobar sanƙarau ta hallaka dubban mutane a arewacin Najeriya. Cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 aka sa a gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka rayu da nakasa. Iyaye sun ce ba a faɗa musu cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya musanta, ya ce an nemi yarda da baki, kuma cutar ce ta yi kisan. Amma takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya ta tabbata cewa bayan gwajin aka rubuta ta, aka mayar da kwanan watanta baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Kuɗin bai sayo amanar da ta zube ba. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin hujjojin da mutane ke kawowa. Sai a 2004 aka ci gaba, bayan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a lokacin ba su da hannu a rubuta waccan takarda.

A ma'aunin Shari'a, takardar da ke shaida cewa an duba abin da ba a duba ba shaidar zur ce, ko da binciken tambayoyi ne kawai babu allura. Sirrin da mace ta faɗa wa mai bincike amana ne, kuma fallasarsa na iya kashe aure. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tattauna bincike a kan ɗan Adam a zamanta na Amman a 2006, ta kuma shardanta yarda bisa sani ba tare da tilas ba.

Nan ne ma muka fi rauni. Takarda da Turanci, a miƙa wa tsohuwar da ba ta iya karanta ta ba, ta dangwala yatsa: wannan ba yarda ba ce. Sallama ga mai unguwa da neman izinin maigida ladabi ne da muke goyon baya, amma ba su maye gurbin amsar matar da za a ɗebi jininta. Yaro kuwa waliyyinsa ne zai yarda, shi ma a ji ta bakinsa idan ya yi wayo.

Ɗalibai na da nasu kukan, kuma akwai gaskiya a cikinsa: wasu kwamitocin kan riƙe takarda makonni, ga kuɗin rajista, ga wa'adin miƙa aiki na matsowa. Gyaran wannan yana wuyan hukumomin makarantu da malamai masu duba aikin, waɗanda ya kamata su tura ɗalibi kwamiti da zarar an amince da batun bincikensa. Magidanci kuwa, idan aka yi masa sallama da takardar tambayoyi, yana da haƙƙin ya nemi ganin takardar izinin, ya duba kwanan watanta, a kuma karanta masa bayanin da Hausa kafin ya ce a shiga.