Likitan da lauya ya ɗauko haya: shaida ne ko maroƙi?

A ƙasar Amurka akwai wata sana'a da ta bunƙasa a bakin gidajen shari'a, wato haɗa lauyoyi da likitocin da za su ba da shaida. Lauya na da ƙara a hannu, sai ya nemi kamfanin dillanci ya samo masa gwanin ciwon gaɓoɓi da sanyin ƙashi, a yi ciniki bisa awa, likitan ya duba takardu, ya zo gaban alƙali ya rantse. Abokin shari'a shi ma ya ɗauko nasa. Masu wannan tsari na cewa idan gwani biyu suka kara, gaskiya za ta fito. Abin da ya auku a ƙasar tasu ya ƙaryata su.

Dalilin da ya sa wannan fanni ya fi sauƙin ɓatawa a fili yake. Karayar ƙashi hoton asibiti na nuna ta, ba gardama. Amma cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita, irin su lufus da amosanin gaɓoɓi, ana gane su ne ta hanyar tara alamomi: gajiya, tsamin jiki, kumburi, ƙuraje, da awon jini wanda kan nuna alama ko a jikin mutane da dama masu ƙoshin lafiya. Kuma mata suka fi kamuwa. Cikin masu lufus goma, kusan tara mata ne. Inda hujja ta rataya ga fahimtar likita haka, mai biyan likitan ya riƙe rabin hukunci.

Ga misali. Cikin watan Disamba na shekara ta 1991, a birnin San Faransisko, masu taya alƙali yanke hukunci suka ba wata mata dala miliyon 7,3 a kan kamfanin Dow Corning, bisa zargin cewa robar silikon da aka dasa mata a ƙirji ce ta jawo mata ciwon gaɓoɓi. A shekara ta 1992 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ta taƙaita amfani da robar. Ƙararraki suka yi ta kwarara, gwanaye na haya suna bin kotuna ɗaya bayan ɗaya da magana iri guda. A 1994 aka tsara sulhun dala miliyar 4,25, mata sama da 400.000 suka rubuta sunayensu, a 1995 kuma kamfanin ya shelanta karyewa.

Tambayar da ya kamata a fara da ita sai daga baya aka amsa ta: shin matan da aka yi wa dashen sun fi sauran mata kamuwa? Domin a cikin dubun dubatar mata, tilas a samu waɗanda za su kamu da ciwon gaɓoɓi ko da ba a taɓa dasa musu komi ba. A 1994 wata likitar wannan fanni a asibitin Mayo, Sherine Gabriel, tare da abokan aikinta, ta kwatanta mata 749 masu dashe da 1.498 marasa shi, ba ta ga bambanci ba. A 1996 alƙali Sam Pointer na jihar Alabama, wanda aka tara wa ƙararrakin, ya naɗa masana huɗu waɗanda ba su cin albashin kowane ɓangare, cikinsu har da likitan gaɓoɓi Peter Tugwell. Rahotonsu na ƙarshen 1998 ya ce ba a samu hujjar da ta danganta robar da waɗannan cututtuka ba. Cibiyar likitanci ta ƙasar ta faɗi haka a 1999. Shekara bakwai bayan wancan hukunci na 1991 ke nan aka ji amsa daga wanda ba shi da riba a cikinta.

Kada a ce matan maƙaryata ne. Ciwonsu na gaske ne, robar kuwa tana fashewa, tana tauri, tana sa a sake fiɗa. Daga baya ma aka tabbatar da wata cutar daji da ba a cika samu ba mai alaƙa da wani nau'in robar, har aka janye shi daga kasuwa a 2019, kuma a 2021 FDA ta tilasta gargaɗi mai tsanani a kan kayan. Wannan ya ƙara nauyin laifin shaidar haya ne. Ta kafe a kan cutar da ta fi kawo kuɗi, ta cusa wa mata marasa lafiya tabbacin da ilimi bai bayar ba, ta kuma zubar da mutuncin duk wanda zai kawo koke na gaskiya a bayanta.

Masu kare tsarin na da hujja biyu. Ta farko, likita ba zai yi aikin banza ba. Gaskiya ne, a biya shi lokacinsa. Amma lauya ba ya buƙatar likitan da zai yi ƙarya. Ya isa ya tuntuɓi goma, ya sallami tara da suka saɓa masa, ya kai na goma kotu, alƙali kuwa ba zai taɓa jin labarin taran ba. Ta biyu, gwanin da alƙali ya naɗa shi ma yana kuskure. Wannan ma gaskiya ne: shari'ar Utro a Faransa, a 2004 da 2005, ta nuna yadda rahotannin gwanaye suka taimaka wajen tsare bayin Allah da aka wanke daga baya. Maganin wannan shi ne a ba kowane ɓangare damar yi wa gwanin tambayoyi da neman a sake bincike. Kuskure na iya faɗawa kowane gefe, haya kuwa kullum gefen mai biya take karkata.

Su kansu masu tsarin sun ji a jikinsu. A 1993, cikin shari'ar Daubert, kotun ƙoli ta Amurka ta ɗora wa alƙali nauyin tace shaidar gwani kafin a saurare ta. A Ingila, dokokin 1999 sun ce haƙƙin kotu a wuyan gwani ya rinjayi haƙƙin wanda ya biya shi.

Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda alƙali ke naɗa gwani, kuma ra'ayin gwanin bai ɗaure alƙalin ba. Tun kafin wannan, malaman Malikiyya a Damagaram da Tawa da Maraɗi suna karantar da cewa ba a karɓar shaidar wanda ke jawo wa kansa amfani da ita. Gado ne mai kyau, sai dai ƙa'ida a takarda ba ta tsare kanta. Lebura da ya ce ɗaukar kaya ya kashe masa baya, ko malamin makaranta da amosani ya hana shi riƙe alli, makomarsa kan rataya ne ga takardar likita guda. Idan takardar ta zama abin ciniki, an shigo da cutar Amurka ta ƙofar baya, ba tare da dukiyarta ba.

Maroƙi yana wasa wanda ya ba shi, kowa ya sani, shi ya sa ba a kafa hujja da kirarinsa. Likitan da ya tsaya gaban alƙali a kan ciwon da ido ba ya gani, ya kamata kotu ta kira shi, a san wanda ya biya shi da nawa aka biya, a kuma bar shi ya ce ilimi bai kai nan ba idan bai kai ba.