Gyambon Dunduniya Da Wasan Keken Guragu

Akwai wata gardama da ta ke tashi a gidan da Allah ya jarrabi wani da mutuwar ƙafafu, musamman in saurayi ne wanda hatsarin mota ko faɗuwa daga bisa ya taɓa masa laka. Bayan doguwar kwanciya sai a ga gyambo ya fito masa a dunduniya ko a idon sawu. Sa'an nan ya ji labarin waɗansu 'yan'uwansa masu buga ƙwallo bisa keken guragu, ransa ya biya, ya ce shi ma zai shiga. Iyaye su ce faufau, wanda ke da miki a ƙafa ina shi ina wasa, ya koma ya kwanta. Shi kuwa, don gudun a hana shi, sai ya sa safa ya rufe mikin ya yi gum. To, iyayen sun yi kuskure, yaron kuma kuskurensa ya fi nasu hatsari.

Sai a fara da sanin asalin ciwon. Gyambon kwanciya ba sammu ba ne, ba kuwa ƙazanta ce tushensa ba. Nauyi ne. Duk inda ƙashi ya danne fata bisa abu mai tauri, jini ba ya samun hanyar ratsa ƙananan jijiyoyi, naman wurin ya rasa abincinsa, ya mutu. Mai lafiya ba ya kai ga haka, gama da zarar wurin ya soma tsami zai muskuta, ko da cikin barci ne. Wanda lakarsa ta taɓu kuwa, ɗan aiken da ke kawo labarin zafi ya daina zuwa, ga shi kuma sa'o'i kaɗan sun isa ɓarna ta soma. Dunduniya na cikin wuraren da suka fi saurin kamuwa domin ba ta da tsoka, daga fata sai ƙashi. Haka ma kutare da waɗansu masu ciwon sukari su ke samun miki a tafin ƙafa ba su sani ba, dalilin ɗaya ne, rashin ji.

Wanda ya fara nuna wa duniya cewa jinyar gyambo da wasa abokan tafiya ne, wani likita ne Bayahuden Jamus mai suna Ludwig Guttmann, wanda ya tsere wa mulkin Hitila ya shiga Ingila a 1939. A 1944 gwamnatin Ingila ta danƙa masa sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville. Kafin zamaninsa, galibin waɗanda suka sami irin wannan rauni ba su daɗewa, kuma abu biyu ne ke kashe su, ruɓewar gyambo da ciwon mafitsara. Guttmann ya kafa doka a riƙa juya kowane majinyaci bayan kowace sa'a biyu, dare da rana, ko yana so ko ba ya so. Da miki ya lafa kuma ba ya barin mutum ya zauna yana tunanin abin da ya rasa, sai ya sa shi bisa keke ya miƙa masa baka da kibiya. Ran 29 ga Yuli, 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a Landan, mutum 16 suka yi gasar harbi a filin asibitin, maza 14, mata 2. A 1952 mutanen Holan suka zo aka yi tare da su. A 1960 a birnin Rum 'yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23 suka hallara. Daga nan wasannin naƙasassu na duniya suka samo tushe, waɗanda Nijeriya ta fara shiga a 1992.

Abin lura cikin wannan labari shi ne jerin aikin. Juyi ya riga baka. Likitan bai taɓa sayar da lafiyar fata don wasa ba, kuma bai yarda a mai da miki hujjar zaman banza ba.

Saboda haka iyaye su sani, kwanciyar da su ke kira da sunan tausayi ita ce uwar ciwon. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Mai motsa kafaɗu da damatsa jininsa yana gudu, yana cin abinci da marmari, yana barci, kuma hannunsa na samun ƙarfin da zai ɗaga jikinsa daga gado zuwa keke ba tare da jan ƙafa a ƙasa ba. Ban da wannan kuma akwai zuciya. Saurayin da aka bari a ɗaki shekara guda, abokai sun ɗauke ƙafa, yakan daina kula da kansa, wanda kuwa ya daina kula da kansa ba zai duba dunduniyarsa ba.

Amma fa keke ba tudun tsira ba ne. Ya sauke nauyi daga wani wuri ne ya aza a wani. Mazaunai su ne yanzu ke ɗauke da mutum, in ba a sa matashi mai kyau ba, kuma ba a riƙa ɗaga jiki bayan kowane minti 15 zuwa 30 ba, sai a warke a ƙafa a kamu a ɗuwawu, an gudu ba a tsira ba. Har wa yau keken wasa ba kamar na gida ba ne. Ana ɗaure ƙafafu tamau bisa mataki don kada su zame, maɗaurin kuwa in ya bi ta kan miki, rabin sa'a na wasa na iya rushe jinyar wata uku. Ga gumi da ke jiƙa safa ya sa fata ta yi laushi, ga karon kekuna, ga matakin ƙarfe wanda ranar bazara ke gasawa har ya ƙone ƙafar da ba ta ji.

Abin da ya kamata shi ne saurayin ya tafi wurin likita ko ma'aikacin jinya da kekensa, ya buɗe mikin, ya faɗi wasan da ya ke so. Muddin mikin na buɗe, sai ya fara da wasan da ba ya bukatar ɗaure ƙafa, ba kuma karo a cikinsa, kamar harbin baka da ƙwallon tebur da motsa hannu da ƙarfe mara nauyi. Ƙwallon kwando da tsere su jira sai fata ta haɗe, iyo kuwa babu shi sam. Ko bayan ta haɗe, tabo ba ya kai ƙarfin fatar asali, sai a shiga da sannu. In kuwa akwai mugunya da wari, ko kumburi, ko zazzaɓi, to, babu batun fili ranar nan, asibiti za a nufa, domin ruɓa in ta kai ƙashi tana iya cin ƙafar, tana iya cin rai.

Akwai wani abu da ya shafi baƙar fata musamman. Littattafan likitocin Turai sun ce a nemi wurin da ya yi ja. Jan nan ba ya fitowa sosai a jikin Bahaushe, kuma ta nan a ke yin sake. Sai a nemi wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, a taɓa da bayan hannu a ji ko ya fi ɗumi ko ya yi tauri. A yi wannan kafin wasa, a sake bayan wasa, da madubi inda ido ba ya kai. Da dare a sa matashi ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniya za ta kasance tana reto ba ta taɓa shimfiɗa ba. A ƙara masa wake da ƙwai da kifi da nono gwargwadon hali, gama da su jiki ke ɗinke kansa, taba kuma a rabu da ita.

Masu koyar da wasan su ma akwai nasu. Wanda ya kori yaro gaba ɗaya don ya nuna miki, ya koya wa sauran su ɓoye nasu ke nan. Gwamma a ba shi wani aiki a gefen fili, ko riƙe alƙalami ko jifan kwando daga wuri ɗaya, ya riƙa zuwa kullum tare da 'yan'uwansa, a kuma sa kowa ya cire takalmi da safa a duba kafin a hura usur.