Hoton ciki da amon sauti: abin da ya kamata ka sani kafin ka hana iyalinka

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawarar a yi wa kowace mai juna biyu hoton ciki sau ɗaya kafin cikin ya cika mako 24. Na'urar da ake yin wannan awo da ita, wadda ma'aikatan lafiya ke kira ekogirafi, a da sai manyan asibitocin Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Yau akwai ƙanana da ake haɗawa da wayar salula. Amma har yanzu wani magidanci yakan hana matarsa zuwa, don ya ji an ce hoto yana ƙona jariri. Mu duba gaskiyar lamarin.

Tsoron yana da asali. Hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo, yana aiki da hasken da Bajamushe Rontigen ya gano a 1895. Ƙarfin wannan haske ya isa ya ɓalle ƙananan sassan ƙwayoyin halitta, shi ya sa likita ba ya son haska mai ciki da shi sai dole. Ekogirafi kuwa babu irin wannan haske a cikinsa ko kaɗan. Sauti ne.

Ka tuna yadda kake kira a bakin rijiya muryarka ta dawo maka: idan rijiyar mai zurfi ce, amon yakan ɗan jinkirta. Haka na'urar take aiki. Kunnen mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, ita kuwa tana aika mai kaɗawa miliyan 3 zuwa 5 idan cikin mace ake dubawa. Sautin yana ratsa tsoka da gudun mita 1,540 a daƙiƙa. Duk inda ya iske iyaka tsakanin ruwa da nama, ko nama da ƙashi, wani ɓangarensa ya dawo. Na'urar ta auna jinkirin, ta san zurfin wurin, ta zana shi a allo. Man da ake shafawa a ciki ba magani ba ne. Iska yake korewa tsakanin fata da na'ura, domin iska tana mayar da kusan dukkan sautin baya. Likita Iyan Donal na birnin Gilasgo da abokan aikinsa suka wallafa amfanin wannan dabara a 1958.

Akwai hanya ta biyu marar wancan haske, wato IRM. Ita da maganaɗisu take aiki, mai ƙarfin da ya ninka na ƙasa kusan sau 30,000. Yana jera ƙwayoyin haidirojin na ruwan jiki, a taɓa su da igiyar rediyo, a saurari amsarsu. Tana nuna ƙwaƙwalwa da laka sarai, amma tana da tsada, tana son lantarki marar yankewa, kuma tana fizgar ƙarfe. Mai wani ƙarfe a jiki ya faɗa kafin ya shiga.

To, mi ya fi dacewa da karkararmu? Ekogirafi, domin shi ne ke nuna watannin ciki, da tagwaye, da jaririn da ya gicciye, da mabiyar da ta tare ƙofar mahaifa. Sai dai hoto ba ya karɓar haihuwa. Idan an ga matsala amma babu unguwarzoma mai horo da za ta karanta shi daidai, ko babu motar da za ta kai mace inda ake tiyata, an ga rami ne ba a kauce masa ba. Don haka sayen na'ura kaɗai bai wadatar ba. Sai an haɗa da horo, da wutar hasken rana, da shirin kai mara lafiya.

Naka aikin shi ne ka bar iyalinka ta je awo da wuri, ka tambayi abin da aka gani, ka tanadi kuɗin mota tun kafin naƙuda. Kada kuma a maimaita hoto don son sanin namiji ne ko mace kawai, domin sautin yana ɗan ɗumama nama, kuma ƙa'idar likitoci ita ce a yi shi gwargwadon bukata. Idan kana koyar da manya a ajin yaƙi da jahilci, ka kai su bakin rijiya ka yi musu wannan bayani.