Gani Bai Kori Ji Ba

Kwanan baya wani abokin aikina ya katse ɗalibi yana ba da labarin da ya ji a bakin kakarsa, na ɓarnar da sojojin Faransa suka yi a ƙasar Tasawa a 1899. Wai ina hoton, ai gani ya kori ji. Malam, ka yi kuskure.

Su wa suke da hoto a wancan zamanin? Voulet da Chanoine, tsaf cikin kakin soja. Haka Kanal Klobb, wanda aka harbe a Dankori ranar 14 ga Yulin 1899. To mutanen garuruwan da aka ƙone kafin sojojin mutanen biyu su juya musu baya su kashe su a Maijirgi fa? Na'urar ɗaukar hoto tana hannun mai bindiga, shi ke zaɓen abin da za a gani.

Har fuskar da yara ke turawa ta WhatsApp da sunan Sarauniya Mangu ta Lugu, ta ƴar wasa Aï Keïta ce, daga fim ɗin Med Hondo na 1986.

Malamai da iyaye na Tasawa da Mayahi, duk hoton da ya zo hannun yaro, ku sa ya tambaya: wa ya ɗauka, yaushe, don me, wa aka bari a waje? Sannan ku tura shi wajen tsofaffi da littafi da alƙalami, tun suna raye.