Ribar da ba a rubuta ba hasashe ce

Ɗan kasuwar da ya sari gero a Shinkafi ranar Alhamis, ya kai Ƙauran Namoda ko Zurmi, yakan ƙirga ribarsa da ka, ya manta kuɗin mota, dako da la'ada. Ta nan jari ke zurarewa.

Rufe kasuwannin mako da katse layukan waya a Zamfara a 2021 sun nuna ciniki na iya tsayawa dare ɗaya. Wanda ya san kayan da ke hannunsa da bashin da yake bi ya fi saurin farfaɗowa.

Littafi ko waya sun isa a rubuta farashin buhu kowane mako. Bayan kaka biyu, alƙaluman za su nuna lokacin saye, ajiya da sayarwa.